Shozo Ya Riga Mu Isa Gida

Sendai,
3 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yaya Kinuyo,

Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da yara da jikoki a can Brazil. Kullum da safe in na kunna wa ƙaninki Shozo turare a gaban hotonsa, sai na roƙa miki sauƙin ciwon gwiwar nan. Nan sanyi ya fara shigowa. Ni dai da sauƙi, sai gidan da ya yi mini girma wata bakwai ke nan. Har yanzu nakan dafa shinkafar mutum biyu in ban kula ba.

A takardarki kin tambaye ni ko ya taɓa komawa Ushiohama kafin ya rasu. Na daɗe ban amsa ba don ba na son in ce miki a'a. Tun da aka sayar da gidan iyayenku yake jin nauyin garin. Shekara arba'in da ɗaya, duk sanda na ce ya kai ni in ga inda aka haife shi, sai ya ce, "Baɗi, Tomie, tekun ba gudu zai yi ba."

Watan jiya ɗanmu Noboru ya zo hutu daga Jamus da matarsa Harumi da 'yarsu Mio. Suka shirya mu shiga jirgin ƙasa mu wuni a gidan kallon kifaye, don yarinyar ta ɗora rai a kai. Da na duba sai na ga layin nan ne mai ƙarewa a Ushiohama, mu kuma a tsakiya za mu sauka. Na so in ce mu zarce, amma hutun kwana tara gare su, ban ga dalilin da zan cinye musu ɗaya da kukana ba. Sai kawai na ƙunshe hoton Shozo a shuɗin ƙyallensa, na ce ko hanyar ya gani.

A jirgi muka juya kujeru muna fuskantar juna. Ina rungume da hoton har aka buɗe akwatunan shinkafa da kifi. Noboru ya ce in kawo Baba ya huta a sama, kada in zuba masa miya, tunda da ransa ma bai tsira daga miyata ba. Muka yi dariya, ya ɗora shi a ma'ajin kaya. Tasharmu kuwa minti ɗaya jirgi yake tsayawa. Aka kwashi jaka da laima da hular Mio, muka fita a gurguje. Sai da jirgin ya sha kwana na dubi hannuna, babu hoton.

Yaya, hoton nan ne kaɗai wanda Shozo ya yi dariya a ciki, ba ni da wani. Noboru ya yi ta ba ni haƙuri kamar zai yi kuka. Ma'aikacin tashar ya buga waya, muka zauna kusan awa guda ina kallon bakinsa. Daga baya ya zo ya rusuna ya ce an samu a tashar ƙarshe, za su aiko nan da kwana biyu, ko mu je da kanmu. Na ce a aiko, kada a ɓata wa yarinya rana. Harumi, wadda ban cika jin muryarta ba, ta ce, "Mama, yaushe Baba ya taɓa kwana a waje ba ke?" Mio ma ta ce ai kifin teku ya fi na cikin gilashi. Muka hau jirgi na gaba.

Tashar Ushiohama ɗaki ɗaya ce, da wani dattijon ma'aikaci mai farar safar hannu. Na zaci daga kabad zai ciro mini hoton. Ashe da ya kwance ƙullin don ya rubuta abin da ke ciki, ya ga baƙin zaren makoki a jikin hoton, sai ya kasa rufe shi tare da laimomin da mutane suka manta. Ya jingine shi a taga yana fuskantar teku, ya ajiye masa shayi mai zafi a gaba. Ya ce mu yafe masa karambani, ya ga baƙo ne daga nesa. Na ce ba baƙo ba ne, ɗan garin ne. A nan na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Gidanku babu shi, filin ajiye motoci ne yanzu. Amma bishiyar da kika ce kin faɗo daga kanta tana nan a bakin hanya, ga ganyenta ɗaya na sa miki a ciki.

Don haka ga amsarki, Yaya. Ya koma. Shekara arba'in da ɗaya ina jiran ya kai ni, ƙarshe ya tafi ya bar ni a hanya, sai da na bi shi.

Ki gaida Masaru da matarsa, da ƙaramar Emiko. Noboru da Harumi suna gaishe ki. Ki riƙa ɗumama gwiwar nan.

Taki matar ƙaninki,
Tomie