Cokali Biyar

Litinin, 1 ga Satumba

Ni ne Shugaban Girki na babban gidan abincin nan mai ƙofar gilashi, mai farar hula kamu guda. Idan na yi tari, masu yankan albasa goma sai su ajiye wuƙa. Ranar Litinin mai zuwa wata yarinya za ta zo gwaji a gabana, wai tana neman aiki. Za ta dafa mini taliya da naman shanu irin na mutanen Japan, cikin minti goma sha biyar. Na aika ɗan leƙen asirina gidansu. Ƙaninta ne, Auta. Yaro mai basira, ba a yi irinsa ba.

Laraba, 3 ga Satumba

Rahoton Auta. Yayarsa ta sa naman a firji ya ɗan daskare, sannan ta yanka shi siriri kamar takarda. Citta, tafarnuwa, lawashi, ɗan sukari, sai baƙin ruwan waken soya na kwalba, wanda shi ne gishirin abin. Kasko ya yi zafi, ta watsa nama, cuuu, ta juye taliya a kai. Hannunta da sauri, wannan kam ba ƙarya.

Amma ga sirrin. Tun zazzaɓin bara harshenta ya mutu. Zuma da toka duk ɗaya ne a bakinta. Ba wanda ya sani, har Mama. Ta ja Auta bayan ƙofar kicin ta ce, “Kai ne harshena. Ka ɗanɗana, ni in rubuta awon. Ka rufa mini asiri, ɗan ƙanina.”

Ta zuba cokali biyu na baƙin ruwan. Daidai yake, har kunne ya motsa. Auta ya yamutsa fuska ya ce, “Yaya, wannan ai ruwan wanke kwano ne.” Ta ƙara ɗaya.

Alhamis, 4 ga Satumba

Cokali huɗu. Ta yi godiya.

Asabar, 6 ga Satumba

Biyar! Wallahi da ƙyar ya haɗiye, hawaye na zuba, ya ce mata daɗi ne ya sa shi kuka. Ta rungume kansa. Ta rubuta 5 a littafinta, ta ja layi biyu a ƙasa. Shi kuwa ya ruga bayan gida ya kafa baki a famfo, dariya na neman shaƙe shi.

Mama ta miƙo hannu za ta ɗiba, Auta ya janye farantin ya ce rabonsa ne. Mama ta ce, “Ci ka mutu, acici.” Saura kaɗan a kama shi.

Ai ita ta fara. Ranar da ƙawayenta suka zo ta sa shi karanta takardar jikin kwalba, ya tsaya yana in’ina, ta ce, “Ku yi masa uzuri, ɗan allo ne, daga dama yake fara karatu.” Suka yi ta shewa. To yau ɗan allo ne ke ba da fatawa.

Lahadi, 7 ga Satumba

Ta goge farar rigarta sau biyu. Ta ce in an ɗauke ta za ta koma ɗakin ma’aikata, sai ƙarshen wata za a riƙa ganinta. Ta ce Auta ya gaji katifarta. Wa ya ce mata yana son katifa?

Litinin, 8 ga Satumba

Da safe, tana wanka, an buɗe littafinta an kankare 5 an mayar 2. Ban san wa ya yi ba. Ta fito ko kallon littafin ba ta yi ba, ta buga goshinta da yatsa ta ce, “Yana nan. Biyar.” Auta ya buɗe baki. Ta ce, “Mene ne?” Ya ce, “Ɗankwalinki ya karkace.”

Ta dawo kafin la’asar, rigar a ninke cikin leda.

Daga tsakar gida ake jiyo abin da take gaya wa Mama. Minti goma sha uku ta yi, ta riga kowa gamawa. Shugaban ya kai loma ɗaya, ya tofar a tsumma. Ya miƙa mata cokali a gaban kowa ya ce ta ɗanɗana. Ta ɗanɗana. Ta ce, “Daidai yake, ranka ya daɗe.” Shugaban ya karɓe cokalin. Ya ce, “’Yata, tun yaushe ba kya jin ɗanɗano?”

Mama ta ce to wa yake ɗanɗana mata duk kwanakin nan? Yaya ta ce, “Bar Auta, Mama. Yaro ne, bakinsa na son gishiri. Ni na koya masa riƙe biro, ba zai yi mini haka ba.”

Talata, 9 ga Satumba

Ta dafa sauran naman, cokali biyar, ta ajiye a gabansa. “Ci, kai kaɗai ke son girkina.” Ya cinye tas. Bai sha ruwa ba.

Alhamis, 11 ga Satumba

Yau ta sake ɗora kasko, ta ce hannu kada ya manta. Ta ɗaga kwalba, na ce, “Yaya, biyu.” Ta tsaya. Na ce, “Tun ranar farko biyu ne.”

Ta daɗe tana kallona. Ba zagi, ba mari, ni da na shirya kumatuna. Ta zuba biyu, ta juya, ta ɗebo a cokali. Na matso kamar kullum. Ta wuce ni ta ce, “Mama, ɗanɗana mini.”

Babu wani Shugaban Girki. Ban taɓa taka ƙofar gilashin nan ba, hular ma ta kwali ce. Ni ne Auta, da biron da ta saya mini. An zuba mini nawa a faranti, yana nan yana hucewa. Daidai yake, na sani. Ba na jin yunwa ne kawai.