Takalmin Ƙafar Hagu Yana Wurina

Zuwa gare ka Amos, mijina, kitsen bayan barewata, ɓargon ƙashina, rana ta farko bayan watannin duhu, tsohon hankakana mai baƙar zuciya!

Ni ce Tabita, idan ka manta muryar da ta yi shekara hamsin da biyu tana tashin ka da safe. Lidiya 'yar ƙanwarka ce ke rubutawa, a nan gidan waya. Na ce ta sa magana yadda ta fito daga bakina, kada ta wanke min ita. Ban san karatu ba, yanzu ma ko fuskarta ba na gani sai inuwa, amma kunnena na jin tafiyar alƙalami. In ya tsaya, na sani.

Mako biyar ke nan kana zaune a tsohon zangonmu na bakin tafki, kai da kunyarka da kare ɗaya. Lafiya kuke? Kunyar tana dafa maka abinci? Tana shanya maka safa? Tana sosa maka wurin nan a bayanka da hannunka ba ya kaiwa? To madalla. A gaishe ta.

Wayyo masoyina, mai ido irin na shaho, wanda ke karanta sawun dabba a kan dutse! Wa ya taɓa zaton kai za ka yi wannan? Baƙi shida suka sauko daga ƙaramin jirgi, kowa da jaka a baya ta fi shi girma, da riguna, in ji Lidiya, ja da ruwan ɗorawa kamar an watsa fenti a kan tudu. Sun zo yawon gandun daji. Suka shimfiɗa taswira a teburina, suka ce suna neman wurin da ɗan Adam bai taɓa takawa ba, suka ɗora yatsa. Ka san inda suka nuna? Gindin dutsen da na haifi Nawomi! Na yi dariya har na ƙware. Kai ba ka yi ba. Kai ka gyara zama, ka shafa gemu, don yarinyar nan mai farin gashi tana rubuta duk abin da ka faɗa a ɗan littafinta. Ni shekara hamsin ina jin labaran nan, ban taɓa rubuta ko ɗaya ba, shi ne laifina.

Suka ce suna son ganin bareyi. Sai ka ɗauke su, kai da ƙafarka, ka kai su bakin mashigin duwatsu, a makon da na gaban garken ke saukowa. Amos! Yaron da bai daina fitsarin kwance ba ya san ba a tsayawa a gaban na gaba. Ba harbi, ba hayaƙi, ba haushin kare, sai tsofaffin matan garken sun wuce sun bar warin sawunsu, sannan dubbai su biyo, sannan a ci. Kai ne ka koya wa rabin ƙauyen nan! Kai ne ka taɓa marin Jonas, mijin Lidiya, don ya yi tari a wurin. Amma ka kafa musu jan tanti a tsakiyar hanya. Suka miƙe tsaye suna ihu suna ɗaukar hoto. Uwar garke ta ɗaga kai, ta shinshina, ta juya gabas, sauran duk suka bi ta. Baƙinka suka koma gida da hotuna. Mu muka koma da wuƙaƙe masu tsabta.

Ka zo ka ga katakon shanya nama, farin cikina. Iska kawai ke rataye. Ran Lahadi a ƙofar coci tsoho Ezra ya ce min, "Tabita, ina angon baƙi? Ko sun cusa shi a jaka sun tafi da shi?" Na ce, "Ai jakar ba ta ɗaukar wawaye biyu, shi ya sa suka bar ka." Aka yi dariya. Kada ka ji daɗi, ba don kai na rama ba. Ni kaɗai ke da ikon zaginka a ƙauyen nan, da haƙoran da na ƙarar wajen tauna fatar takalmanka na saye shi.

Kuma bari in faɗa maka, don kada ka ji a bakin wani. Ni na gaya musu kai ne. Da ba wanda ya sani, cewa ake baƙin sun ɓata hanya da kansu. Ni na miƙe a taro na ce mijina ne ya kai su. Ban yi nadama ba. Na ɗauka za ka shigo gida ka yi min tsawa, in yi maka, mu ci busasshen kifi mu kwanta. Ina na san tsohon banza zai ɗauki bindiga da kare ya bi tudu?

Ka tuna shekarar aurenmu, abin ƙaunata? Muna ƙaura da karnuka, ƙanƙarar kogi ta fashe da kai har gwiwa. Kafin mu kai itatuwa ƙafafunka sun yi fari, sun yi tauri kamar kifin da aka bari a waje. Na cire maka takalma, na ɗaga rigar fatata, na ɗora ƙafafun nan biyu a kan cikina tsirara. Yini guda! Sanyinsu ya shiga har ƙashin bayana, ina kuka, kai kana kuka, kana cewa, "Sake ni, yarinya, za ki mutu." Na ce, "Rufe min baki, ƙafafuna ne yanzu." Ta dama ta tsira. Ta hagu ta rasa yatsu biyu. Tun ranar ba matar da ta iya ɗinka wa ƙafar nan takalmi sai ni, don ni na san inda ake matsewa da inda ake ƙara gashi. Da izinin wa ka ɗauki ƙafafuna ka kai su bakin tafki?

Alƙalamin ya tsaya. Lidiya ta ce, "Iya, ki sassauta, kawu ne fa." Ta san abin da zan faɗa gaba, ta ce hannunta ba zai rubuta ba. To ga Marta matar fasto ta zo karɓar kaya, na kama hannun rigarta. In ka ga rubutu ya canza, ita ce. Ta ce Allah na ji. Na ce ya ji, ai shi ya haɗa ni da kai.

Ka saurara. 'Yar Lidiya ta shiga watanta. In namiji ne, kuma ba ka dawo ba, zan ba shi sunanka. Ba Amos na coci ba, na ainihin, Kayuktuk, wanda ka gada daga kakanka. Zan raɗa masa a kunne yadda ake yi da sunan wanda ya mutu. Zan ɗauke shi a cinya in ce masa mijina, in tambaye shi ko ya gaji da tafiya, ƙauye duka su kira shi kawu. Kai kuma ka zauna can ba suna, kamar kututture. In ka shigo daga baya, yara su tambaya, wane ne wannan tsohon?

Ka ji zafi? Yawwa. Haka nake so.

Amos, tsoro nake ji. Marta, rubuta shi da ƙananan baƙaƙe. Makon jiya hannun rigata ya kama wuta a murhu, ban gani ba sai da na ji ƙauri. Ma'aikaciyar jinya ta gaya wa Nawomi, Nawomi ta bugo waya daga birni tana kuka. Sun ce makauniya ba za ta yi hunturu ita kaɗai a gida ba. Jirgin Alhamis ta sama zai ɗauke ni zuwa gidan tsofaffi. Ka san gidan. Can aka kai ƙawata Hulda da ƙafarta, bayan wata huɗu aka dawo da ita a akwati, an aske mata kai. Ba mai jin yarenmu a can. Abincinsu kamar an riga an tauna. Wa zan zaga? Wa zai ce min dusar ƙanƙara ta sauko kan dutsen yamma, tunda ba na gani? In akwai namiji a gidan, ko gurgu ne, ko wawa ne, ko wanda ya kori bareyi ne, sun ce za su bar ni.

Ba na ce ƙauye zai yafe maka ba. Ba za su yafe ba bana. Za ka shiga kanti a yi shiru, za ka ci naman gwangwani kamar kowa, kowane cokali ya tsaya maka a wuya. Ka zo ka ci. Ni zan zauna kusa da kai in tuna maka dalili, safe da yamma, har bazara.

Jonas zai kawo maka wannan takarda gobe, tare da ƙunshi. Tafkin ya fara daskarewa, kuma na san takalman da ka tafi da su, na bazara ne, tafinsu ya cinye. Na ɗinka maka sababbi da fatar ƙafar barewar bara, da zaren jijiya, da lalube, yatsuna duk huda. Su ne na ƙarshe da zan ɗinka a duniya, kuma ba na jin na taɓa yin masu kyau kamarsu.

Buɗe ƙunshin, zuciyata. Ɗaya ne a ciki, na dama. Na hagu yana nan cikin rigata, a kan cikina, inda ƙafar ta taɓa kwana yini guda. In ka zo kafin Alhamis, ni zan durƙusa in sa maka shi. In ba ka zo ba, da shi zan hau jirgi, kuma na gaya wa Marta da shi za a binne ni.

Taka tun ranar kogi, taka yau da baƙin cikinta, taka ko a akwati aka dawo da ni,

Tabita