Gishiri a Tankin Kawu

Lahadi, 2 ga Satumba, 2012
Na fara aiki. Sito mai lamba 14, unguwar Ras Al Khor a nan ƙasar Larabawa, tsakanin masu sayar da tsofaffin injinan mota. Daga ɗakinmu a Al Muraqqabat minti hamsin da biyar, jirgin ƙasa sannan bas. Shekara biyar ina karatun kiwon kifi a Sakkwato, ga ni inda babu kifi ko na magani. Kayan fatsa ake shiryawa a tura Ingila. Kawu Ado, ƙanen Inna, shi ya nemo mini gurbin. Shekararsa tara a nan. Ya kai ni gaban mai kamfanin, Mista Kolin, ya ce ga ɗan yayarsa mai digiri. Wata shida na gwaji, a cikinsu ana iya sallamata ba tare da an faɗi dalili ba. Sau uku na karanta wannan layin kafin na sa hannu.

Talata, 4 ga Satumba
Abin da muke turawa shi ne karan fatsa, ɗan siririn abin da ke tsayawa a kan ruwa, in kifi ya ja ƙugiya ya nutse. Baba da totuwar dawa yake yin nasa a Yawuri. Waɗannan na katako ne mara nauyi, an shafe su da fenti, daga wata masana'anta a Sin. Kowanne ana saka shi a leda ɗaya da dalmar da ta yi daidai da shi. (Ba dalma ba ce ta gaske, an hana ta a can, amma haka kowa ke ce mata.)

Mista Kolin ya tsayar da ni minti arba'in yana bayani. Wai idan sanyi ya kama a ƙasarsu, mutum zai je bakin kogi ya tsaya yini guda, ya saki karan ya bi ruwa, yana neman wani kifi wai shi cab da wani wai shi babel mai gashin baki kamar tarwaɗa. A sanyi kifin ba ya fizgar abinci, ɗan taɓawa kawai yake yi. Don haka dole dalma ta ja karan ƙasa har ya zama kansa kaɗai ke waje, kamar ƙwayar dawa. In ta yi nauyi kaɗan, ya nutse. Ya nuna mini hotonsa rungume da babel. Na tambayi yadda suke dafa shi. Ya yi dariya, ya ce aunawa ake yi a mayar da shi ruwa.

Baba kan shiga ruwa da asuba a tsakiyar hunturu don mu ci. Ban faɗa masa ba.

Lahadi, 9 ga Satumba
Aikina: leda dubu goma sha biyu suna jiran kwantena, a jikin kowane kara an buga giram 4. Kawu ne ya auna samfuran a watan Mayu, da adadinsa aka yi odar dalmar. Ledojin an riga an liƙe su, don haka daga kwalin samfuran zan ɗauki hamsin in sake gwadawa a tankin gilashi na rumfar baya, in sa hannu. Na yi ashirin yau. Duka 4.0. Kawu ya ce in bar wahalar da kaina, biyar ma sun isa.

Laraba, 12 ga Satumba
Akwai farin abu da ya bushe a bakin tankin. Na kankare da farce, na ɗanɗana. Gishiri.

Alhamis, 13 ga Satumba
Ban ci abincin rana ba. Na yanke kan babbar robar ruwan sha, na cika ta daga na'urar ruwan sha ta ofis, na saka kara ɗaya da dalmarsa. Ya tafi ƙasa a hankali, kamar mai jin kunya. Na biyu haka. Na bakwai haka. A ruwan daɗi 3.8 suke ɗauka, ba 4.0 ba.

Na bi tiyon da ake cika tankin. Daga rijiyar bayan sito yake, wadda ake wanke motoci da ita. Mai gadi ya ce a Afrilu aka dawo da tankin rumfar baya, tun lokacin daga nan Kawu ke cika shi, don famfon ofis ya yi nisa. Ruwan gishiri ya fi ɗaga abu, a aji biyu muka yi wannan. Kogunan Ingila kuwa babu gishiri.

Juma'a, 14 ga Satumba
Bayan masallaci na faɗa wa Dickson, abokin ɗakina, mai gyaran na'urar sanyi, ɗan Zonkwa. Yana wankin kayan aikinsa ya saurare ni har ƙarshe, ya tambayi giram nawa. Na ce sifili da ɗigo biyu. Ya dube ni, ya sake dubana.

“Mutumina, a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa goma ba za ka koma Najeriya? Gaskiya ba ta da biza a garin nan.”

Na auna daga baya. Ƙwaya tara zuwa goma ne, ya danganta da shinkafar.

Lahadi, 16 ga Satumba
Na sami Kawu shi kaɗai yana cin gurasa a kan kwali. Na durƙusa na yi bayani a hankali, har da robar na kawo. Ya kalli karan yana nutsewa. Can ya ce ashe abin da aka koya mini ke nan, in zo in auna tsufansa. Ya ce shi da hannu ya san nauyin dalma tun ina goye. Ya tambaye ni ko kifi ya iya karanta lamba.

Na ce Kawu, ba kifi ba ne zai karanta, mai fatsar ne zai ga karansa ya ɓace.

Ya naɗe sauran gurasar. “Shekarata hamsin da bakwai, Sule. In aka soke bizata, wa zai ɗauke ni? Ka sa hannu, ɗan Hajiya. Turawan nan sai su rage dalmar da kansu, khalas, shi ke nan.”

Ba za su iya ragewa ba. Dunƙule ɗaya ce.

Laraba, 19 ga Satumba
Na rubuta wa Mista Kolin takarda, layi shida. Tana aljihun wandona. Sau biyu na kai ƙofar ofishinsa na juyo.

Asabar, 22 ga Satumba
Inna ta kira. Ta ce Kawu ya gaya mata ina da ƙoƙari amma ina da kaifin baki, in riƙa tunawa shi ne uwata da ubana a can. Ban tambaye ta yaushe suka yi maganar ba. Na sani.

Alhamis, 27 ga Satumba
Na sa hannu, ƙarfe 11:20. Samfuri hamsin, kowanne 4.0. A tankin haka suka nuna. Wurin da za a rubuta irin ruwa babu shi a takardar, ba ni na tsara ta ba.

Litinin, 1 ga Oktoba
Kwantena ta tafi. Kawu ya saya mini shayi.

Juma'a, 26 ga Oktoba
Babbar Sallah. Mun ci nama a wurin Kawu a Al Buteen, mu takwas a ɗaki ɗaya. Yana ta zuba mini, yana ce wa mutane ga injiniyan gidansu. Ina ta lissafi a raina: jirgin ruwa kwana ashirin da shida zuwa talatin, sai kwastan, sai shaguna. Tsakiyar Nuwamba.

Talata, 20 ga Nuwamba
Ƙorafi uku daga shago ɗaya. Mista Kolin ya ce masu fatsa ba sa rabo da mita, in ba su kama ba sai su ɗora wa kaya.

Laraba, 28 ga Nuwamba
Ƙorafi goma sha bakwai. Ni ake ba wa in jera su a fayil. Wani tsoho ya rubuto wasiƙa da hannu, shagon suka turo hotonta. Ya ce ya yi tuƙin awa biyu zuwa kogi, ƙanƙara a kan ciyawa, rana ɗaya ce matarsa mara lafiya ta sami mai zama da ita. Karan ya nutse tun jifan farko, ya ɗauka babel ne, ya ja, babu komai. Sau biyar. Bai zagi kowa ba. Ya ce shi dai yana so ya san ko idonsa ne ya lalace.

Da na ce mutanen nan wasa suke yi da abinci. Har yanzu haka nake gani. Amma da ya yi zagi ya fi mini.

Lahadi, 9 ga Disamba
Mista Kolin ya dawo daga gida. Ya je kogin garinsu da kansa da ledarmu. Bai gaisa da kowa ba.

Alhamis, 13 ga Disamba
Ya kira mu ni da Kawu. Shaguna huɗu sun ce za su dawo da kaya. Ya ajiye takardar 27 ga Satumba a kan tebur, ya juyo da ita ta fuskance ni, ya ɗora yatsa a kan sa hannuna. Ya ce ranar Asabar zai zo rumfar baya ya gwada da hannunsa, daga nan ya san wanda zai tafi.

Ina jiran Kawu ya yi magana. Ya yi. Ya ce yaron sabo ne, amma shi bai ga ya yi ganganci ba.

Yaron sabo ne. A gabana.

Da muka fito ya kama hannuna ya ce in kwantar da hankalina, dabara ce. Wai gobe in zo da wuri.

Juma'a, 14 ga Disamba
Sito a rufe, Kawu na da mabuɗi. Mun zubar da tankin, na goge bakinsa da tsumma da ruwan zafi har farin ya fita. Lita ɗari da tamanin, bokiti goma sha takwas daga famfon ofis, taku sittin da huɗu kowane zuwa. Ni na ɗauka duka, bayan Kawu ba ya so. Ya naɗe tiyon rijiya ya kai wurin wankin motoci. Kwalin samfuran Mayu ya saka a buhu, ya fita da shi, ban tambaya ba.

Abin da za a ce: samfuran daidai suke, masana'anta ce ta ƙara kaurin fenti a kayan da ta turo daga baya.

Na ce Kawu, to in ya nemi samfuran fa? Ya ce sai a ce an zubar da su a sharar Oktoba, kuma ni kada in buɗe baki, fuskata ba ta iya ba. Mun sami sallah a sahun waje, kan kwali.

Dickson ya ga tafin hannuna ya yi ja, ya ce ashe injiniya ya koma ga-ruwa. Ban yi dariya ba, sai ya bari.

Asabar, 15 ga Disamba
Mista Kolin ya farke leda goma daga ragowar kaya. Duka sun nutse a tankinmu, kamar yadda suka yi a koginsu. Ya tsoma yatsa yana gyara zare, na zaci zai kai yatsan baki, sai na tuna babu abin da zai ɗanɗana. Kawu ya ɗaga kara ɗaya wajen haske, ya murza, ya ce dubi fentin nan, Oga, ai ko makaho ya ji kaurinsa. Mista Kolin ya murza shi ma. Ya ce ya ji.

Ya yi mini faɗa a kan ban farke leda ba a Satumba, ya ce laifin rabi nasa ne tunda shi ya hana. Babu wanda zai tafi. In rubuta rahoto.

Litinin, 17 ga Disamba
Rahoto shafi biyu. Samfuran Mayu: 4.0. Kayan da aka turo: 3.8. Duka biyun ni na auna su, duka biyun gaskiya ne. Maganar fenti na rubuta “ana zato”. Na duba shi layi-layi, babu jimla ɗaya da za a ce ƙarya ce. Takardar nan ta aljihuna ta shiga wanki tun tuni, ta zama dunƙule.

Alhamis, 27 ga Disamba
An yi ruwan sama kaɗan. Kawu bai sake ta da maganar ba, kamar ba a yi ba. Yanzu ni nake cika tankin.

Laraba, 9 ga Janairu, 2013
Amsa ta zo daga Sin. Manajan ya ba da haƙuri, ya ce sun dakatar da mai duba kayansu har a gama bincike. A ƙasa akwai saƙon shi mai duban, Turancinsa a karye. Ya ce ya auna fentin kara ɗari, na Mayu da na Agusta, bai ga bambanci ba. Ya ce tazarar da muka samu, kashi uku cikin ɗari na nauyin kara da dalma a haɗe, ta yi kama da tazarar ruwan teku da ruwan daɗi. Yana roƙo cikin ladabi a gaya masa da wane ruwa aka yi gwajin Mayu da na Satumba, don aikinsa a kan amsar yake.

Mutumin ya san aikinsa. Lissafinsa daidai ne, na bi shi.

Mista Kolin ya turo mini ya ce in amsa, ni ne masanin ruwa. Na rubuta: ruwan famfo. Na tura ƙarfe 2:14.

Saura kwana hamsin da biyu gwajina ya ƙare. Abincin rana shinkafa da kaza, na cinye.