Injiniya, Ka Bar Mana Mabuɗi Ɗaya A Reshen Anka

Zuwa ga Injiniya Bashir,
Shugaban Sashen Kwamfuta da Sadarwa,
Babban ofishin ƙungiyarmu, Gusau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aiki. Ya ɗawainiya da mu? Allah Ya ba da lada.

Ni ce Saratu, ungozoma mai kula da ƙaramin asibitinmu na reshen Anka, wadda kake kira Yaya Saratu. Na sa wannan wasiƙa a shafin ma'aikata inda kowa zai gani, ba don in kunyata ka ba. Sau uku ina cike fom ɗin koke, sau uku na'ura ce ke amsa mini cewa an karɓa. Kuma maganar ba tawa ba ce ni kaɗai. Malam Lawali na reshen Gummi da Sista Asabe ta Bukkuyum sun karanta kafin in tura, sun ce in sa da bakinsu.

Zan fara da alherinka, don yana da yawa. Kafin ka zo, kowane reshe da nasa wai-fai. Namu na Anka, kalmar sirrinsa har mai shayin bakin titi ya haddace. Sai ka ga samari sun jeru jikin katangarmu suna kallon ƙwallo, mu kuma a ciki hoton katin mara lafiya ɗaya ya ƙi tafiya. In akwatin wai-fai ɗin ya lalace, sai mu jira sati biyu kafin wani ya taso daga Gusau. Kai ka zo da kanka cikin zafin bazara, ka hau tsani, ka liƙa mana farin akwatin nan a silin, ka haɗa shi da sola. Ka zaunar da ni ka nuna mini a kwamfutarka yadda daga kujerarka kake ganin rassan nan uku a allo ɗaya, kana iya gyara, kana iya canza kalmar sirri, kana iya korar baƙuwar waya ba tare da ka hau mota ba. Na tambaye ka abu ɗaya har sau huɗu, ba ka ƙosa ba. Tun daga lokacin muke kiran likita ta bidiyo ya ga yaro da idonsa, muke buɗe fayil ɗin mara lafiya cikin ƙiftawar ido. Wannan aikinka ne, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

To, ƙanena, ga abin da ya sa ni rubutu.

Wata Laraba cikin daminar da ta wuce, ana shirin sallar La'asar, ɗan kabu-kabu ya sauke mana wata tsohuwa Bafulatana daga wata ruga a bayan Dareta. Inna Dudu ake ce mata. Tana rungume da jikarta Hajo, 'yar shekara huɗu, jiki zafi rau, tana jijjiga, idanu sun kakkafe. Ka san tun shekarar da gubar dalma ta ɗebe mana yara a ƙauyukan nan, babu yaron Dareta da zai zo da jijjiga mu ɗauke shi da wasa. Tsohuwar ta ce an taɓa ɗibar jinin yarinyar a wajenmu, an ba ta magani. Ina bukatar in ga sakamakon da irin maganin da aka ba ta, ina kuma bukatar likitanmu na Gusau ya gan ta.

Na yi mata abin gaggawa da na iya, na ɗauki kwamfutar hannu, na fara neman sunanta. Sunan ya fito, na taɓa shi, sai allo ya tsaya. Na ɗaga kai na dubi silin. Koriyar fitilar akwatin ta koma ja. Agogon bango ya nuna ƙarfe huɗu daidai, lokacin da na'urarka ta Gusau take kashe wai-fai ɗin dukkan rassa.

Na cire wuta na mayar, bai tashi ba. A duk ginin nan babu mai ikon kunna shi. Cikin ɗakinmu sabis ɗin waya ba ya shiga, sai na bar Hajo a hannun abokiyar aikina Nas Rabi, na fita da gudu gindin tankin ruwa inda ake samun sanda ɗaya ta sabis. Nan na kira ka, wayarka tana ta ƙara ba a ɗauka ba, na san kana masallaci, sai na kira likita da wayata. Shi ya buɗe fayil ɗin daga can yana karanta mini, kira yana yankewa. In ya tambayi yadda numfashinta yake, sai in ruga ciki in duba, in rugo waje in faɗa, yayyafi yana dukana. Ni da na haura hamsin, da ciwon gwiwa. Ban ƙirga sawun da na yi ba. Abin da ba zan manta ba shi ne fuskar Inna Dudu duk lokacin da na juya mata baya zan fita. Tana ganin kamar guduwa nake yi in bar mata jika.

Allah Ya rufa asiri. Zazzaɓin cizon sauro ne ya hau mata ka, ba dalma ba. Jijjigar ta lafa kafin Magariba. Kai kuma da ka ga kirana ka bugo a gigice, ka ba da haƙuri, ka kunna mana daga wayarka tun kafin mu gama gaisawa. Na gode da wannan. Amma saurin da ka yi shi ne ya fi sosa mini rai. Ashe abin bai wuce taɓa allo ba, kuma wanda ke tsaye kan yaro ba shi da wannan allon.

Ga ƙorafina a taƙaice:

1. Kashewar ƙarfe huɗu. Na san dalilinka, don kada a cinye data bayan an tashi aiki. Amma a takarda ne kawai muke tashi ƙarfe huɗu. Mutanen ƙauye ba sa fitowa sai sun ji labarin hanya, sai sun haɗu da yawa, sai shanu sun fita kiwo. Sau da yawa marasa lafiyanmu masu tsanani da yamma suke isowa. Ranar kasuwa kuwa ba a magana.

2. Sabunta manhajar akwatin da hantsi. Malam Lawali ya ce yana tsakiyar nuna wa likita ƙafar wani dattijo mai ciwon suga, akwatin Gummi ya mutu ya sake tashi. Kafin ya dawo, likita ya shiga wani aikin, dattijon ya yi zaman awa biyu a benci.

3. Sabuwar na'ura ba ta shiga sai an yi mata rajista daga Gusau. An aiko wa Sista Asabe sabuwar kwamfutar hannu, ta kwana tara a aljihun tebur tana jiran ka dawo daga tafiya. Ba laifinka ba ne ka yi tafiya. Amma bai kamata komai ya rataya a wuyan mutum ɗaya ba, ko da kai ne. Kai ma kana da haƙƙin ka yi salla, ka je biki, ka kwanta ciwo.

Ban ce a koma gidan jiya ba, Allah Ya kiyaye. Ka ci gaba da riƙe ragama daga Gusau, ka fi mu sanin ta. Roƙona uku ne. Ka ba shugaban kowane reshe wata lamba ta gaggawa da zai kunna wai-fai na awa biyu ko uku, kai kuma ka riƙa ganin wanda ya kunna da lokacin da ya kunna. In na yi wasa da ita, ka karɓe, ba zan ce uffan ba. Ka mayar da sabunta manhaja lokacin da babu kowa, ka kuma turo mana saƙo tun ana gobe. Sannan a samar maka mataimaki da za mu kira in ba ka kusa. Wannan na ƙarshe shugabanninmu nake yi wa, na san su ma suna karanta shafin nan.

Sati biyu bayan waccan Larabar, Inna Dudu ta dawo, Hajo tana biye da ita da ƙafarta, tana jan zanenta. Ashe ran nan ta tambayi maigadi abin da ke fitar da ni, ya ce mata akwai wani injiniya a Gusau da ke riƙe da igiyar magana tsakaninmu da likita. Ita abin da ta fahimta, kai ka haɗa mu. Ta kawo ƙwaryar man shanu, ta ce in ba "yaron nan na Gusau", ta yi ta sa maka albarka da Hausa da Fulatanci har sai da na sunkuyar da kai. Ban gyara mata ba. Na fi son kai ka mayar da zancenta gaskiya.

Man yana gidana a rufe. Ba zan ba direba ba. Ka zo ka karɓa da hannunka, kuma ka daidaita tafiyarka yadda ƙarfe huɗu za ta same ka zaune a bencinmu.

Allah Ya ƙara maka basira da lafiya, Ya raya maka zuri'a, Ya tsare ka a hanyar Gusau zuwa Anka da komawa, Ya sa albarkar tsohuwar nan ta bi ka.

Wassalam.

Yayarka a aiki,
Saratu,
Reshen Anka.