Tumbina da jar dawa

Litinin, 1 Afrilu 1985

Na je layin jar dawar taimako. Mai rabo ya dubi tumbina, ya ce, "Baba, ta masu yunwa ce." Layi ya yi dariya. Yaron da a da ba zai isa ƙofar birona, ofishin da na riƙe, ba. Na juyo hannu wofi, ban roƙa ba.

Alhamis, 4 Afrilu

Tun ina aikin gwamnati wani likita Bature ya ɗora ni kan rejim: ba mai, ba gishiri, tuwo rabin malmala. Lokacin na daina fita ciyayya da maƙwabta a ƙofar gidan Mala. Wa zai kai musu miyar lami? Na rame, suka ce ciwo. Na saki rejim, ƙiba ta dawo ta fi da. Haka nake ta yi har tsufa. Abin da na samu: ciwon suga da gwiwar da ba ta durƙuso.

Lahadi, 7 Afrilu

Anza da rana, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci da sai an jiƙa ake ci. Kunu da yamma. Tumbi bai motsa ba.

Juma'a, 12 Afrilu

Matata Wasila ta dawo daga rijiya tana kuka. Wai Birni duka ana cewa mijinta ya binne hatsi a ɗaka, shi ya sa yake ci a ɓoye. Ta ce in buɗe musu ɗakin su gani. Ba zan buɗe ba. Ni da na yi karatun lakwal suna kiwon awaki, ni zan tsaya a gabansu ana duba mini randa? A masallaci maƙwabcina Kolo bai ba ni hannu ba.

Asabar, 13 Afrilu

Yaron disfansa ya danna ƙafata, yatsansa ya bar rami. Ya ce rabi ruwa ne, rabi kuma jikin da aka yi ta horo da yunwa ya koyi rowa. Ashe jikina ne mai ɓoyon, ba ni ba. Su je su tuhume shi.

Talata, 16 Afrilu

Zafi ya yi yawa a ɗaka, shi kaɗai ne dalili. Bayan magariba na ɗauki akushina na fita ƙofar Mala. Mala ya buɗe, ya ga anza, ya ɗanɗana, ya ɓata fuska. Ya ce, "Alkasum, taku ta fi tamu ɗaci." Ya matsa mini a tabarma. Kolo ma ya sa hannu.

Na ce wa Wasila gobe ta ƙara jiƙa anzar, ɗacin ya ragu. Ba don su ba.