Sojan da ke da zanen gidanmu

Gwaggo Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya ƙarfin jiki, ya gwiwar taki? Ya mutanen gida da yara? Ni ina nan unguwar Nasim a ƙasar Larabawa lafiya, sai aiki.

Tsohon da nake jinya ba ya kallon komai a talabijin sai yaƙin duniya na biyu. Ranar Talata ina ba shi magani aka nuno sojoji baƙar fata tsaye cikin ƙanƙara. Ɗayansu zanen Gobirawa ne a kumatunsa, irin na Baba sak. Kafin in ajiye kofi hoton ya wuce.

Na tambayi tsohon abin da ya haddasa yaƙin. Ya ce wani azzalumin shugaba ne ya nemi ƙasar maƙwabta, aka ba shi don a zauna lafiya. Ya ƙara nema, aka ƙara masa, har ya cinna wa duniya wuta. Na ce ai haka mai gari ya miƙa wa Faransawa kakana aikin soja don a ƙyale garinmu, bai kuma dawo ba. Ya ce, "Yalla, maza kawo shayi." Na kawo.

Ban yi kuka ba, Gwaggo, ban ma ji komai ba. Ni ma na ba uwargidan da nake wa aiki fasfona, na bar mata hutun Juma'ata, duk don a zauna lafiya.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida su Inna. Kuma zane nawa ne a kumatun mahaifinki? In an sake nunowa zan ƙirga.

'Yarki,
Rabi