Gishirin da Na Ɓoye Miki a Kwalin Ashana

Zuwa ga hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar da nake gudowa cikinta idan rana ta take. Zuwa ga sarauniyar tukunya da ludayi, uwar 'ya'yana, wadda ƙamshin girkinta ya janyo ni tun daga bakin titi shekara ashirin da biyu da suka wuce, kuma har yau bai sake ni ba!

Ina rubuto miki ne daga kan benci a ƙofar asibitin kamfaninmu, da rana tsaka, hannun rigata har yanzu a naɗe. Yanzun nan aka gama awon da muka yi wata uku muna jira, wanda zai yanke ko zan ci gaba da riƙe sitiyarin bas ko a sauke ni. Na san idonki ya riga ya gangara ƙasa neman sakamako. Dawo da shi sama, don Allah! Akwai nauyin da zan fara saukewa, kuma idan na tsaya a gabanki bakina ba zai iya ba. Jibi zan iso gida, shi ya sa na ba abokin aikina takardar ya kawo miki yau.

Kin tuna ranar da likita ya ɗaura mini abin awo a damtse, ya duba, ya sake dubawa? Ɗari da hamsin da takwas bisa casa'in da takwas. Ya ce, "Mai ɗaukar rai hamsin a bayansa ba ya wasa da hawan jini. Wata uku na ba ka. Ka rage gishiri, ka rage tumbi, ka motsa jiki, ka samu barci." Na fito ina ta surutun aiki, aiki, aiki. Ke kuwa kika dube ni kika ce, "Malam, ni ba sitiyari nake ji ba. Kai nake ji."

Washegari kika juye kicin ɗinmu kamar an yi ambaliya. Sinadarin ɗanɗano ya bar gidan, kifin gwangwani ya bi shi, lemon kwalba ya zama labari. Sai wake, sai ganye, sai gasasshen kifi, sai ayaba a aljihun rigata kamar ɗan makaranta. Inda gishiri ya saba zama kika ajiye tafarnuwa da citta da lemon tsami. Kafin rana ta fito kin tashe ni, mu zaga filin bayan makaranta sau shida, kina gaba kina tsokanata wai tumbina yana riga ni shan kwana. Ina haki ina kallon mayafinki a cikin hasken safiya, raɓa tana jiƙa mana takalma. Wace irin mace ce ke tashi da sassafe ta yi tafiyar da ba ita aka rubuta wa ba, sannan ta wuce ta tsaya yini guda a gaban wuta?

To, ga abin kunyar. Ni da kike yi wa wannan ɗawainiya, na sami kwalin ashana na cika shi da gishiri na ɓoye a aljihun gaban mota. Abincin da kike ɗaure mini a kula, sai na tsaya a tasha, na waiga hagu na waiga dama kamar ɓarawo, na barbaɗa. Wani lokaci har da soyayyen nama a kai. Ina gaya wa kaina cewa ai ke ma kina ɗan zuba wa naki kwanon idan na ba da baya. Ina cewa, wa zai iya rayuwa da abinci lami?

Da aka yi awon tsakiya bayan mako shida, jinin ya ƙi motsi. Ba zan manta fuskarki ba. Kika zauna a bakin gado kina lissafa abin da kika dafa rana bayan rana, kina cewa, "Ina na yi kuskure? Ko man ne ya yi yawa?" Kanki kike tuhuma, masoyiyata, mai laifin kuma yana tsaye a gabanki yana ɗaura agogo. Na fice ban amsa laifina ba. Wannan ya fi komai ci mini rai.

Bayan kwana uku wata mata ta shiga motata, ta tsaya ta ƙare mini kallo. Ashe mai wanke-wanke ce a kicin ɗin masana'antar da kike yi wa ma'aikata girki. Ta ce, "Kai ne mijin mai girkinmu? Kai ne ka lalata mata harshe!" Na ce me ya faru? Ta ce tunda kika daina cin gishiri harshenki ya juya: abin da yake daidai a bakin kowa, ke a naki ya yi yawa. Sau biyu ma'aikata suna ture faranti suna cewa miya ba gishiri. Sau biyu shugaban kicin yana kiran ki a gaban mutane. Ta ce yanzu kafin ki sauke tukunya sai kin kira ta ta ɗanɗana miki. Ta ce miki, "Ke ki ci naki da gishiri mana, ai ba ke ce marar lafiya ba." Kika ce, "Ba zan ba shi abin da ni ban ci ba."

Allahu Akbar! Ke da ake aiko miki tambaya daga wasu kicin, ke da harshenki ne sana'arki da alfaharinki tsawon shekara ashirin, yau ke ce kike miƙa wa wata ludayi ta gaya miki ko miyarki ta yi? Kuma ba ki taɓa faɗa mini ba! Kullum kina dawowa gida da murmushi kina tambayata ko na ci ayabata. Na yi tuƙi cikin tsaunuka, na ga kogi ya cika ya batse har ya shafe gada, na ga gari ya waye a kan gonaki masu nisan da ido ba ya kaiwa ƙarshensu. Wallahi babu wanda ya sa tsigar jikina ta tashi kamar maganar matar nan. Ashe abin al'ajabin yana cikin gidana, yana yanka albasa. Ranar sai da na gangara gefen titi na ce wa fasinjoji zan duba taya, don kada su ga idona.

Tun daga ranar ban sake buɗe kwalin ba. Na ci abincinki yadda kika dafa shi, sai na fara jin abin da gishiri ya daɗe yana ɓoye mini: zaƙin albasa, ƙamshin citta, hannunki. A kowace tasha nakan zaga motar sau goma ina tafiya, direbobi suna dariya wai na ɓatar da makulli. Na daina shan shayi mai kauri don korar barci, na koyi kwanciya da wuri. Bel ɗina ya koma baya da rami biyu.

Yanzu kina iya dubawa. Ɗari da talatin da biyu bisa tamanin da huɗu! Likita ya sa hannu, ya ce in ci gaba a haka, in dawo awo bayan wata uku. Ya tambaye ni me na yi. Na ce ba ni na yi ba.

Ki yafe mini, ya ruwan sanyina, ki yafe mini mako shidan da na bar ki kina zargin hannunki. Na yi alkawari ba zan sake cin abin da ba zan iya ci a gabanki ba, kuma daga ranar da na dawo, duk safiyar da Allah ya ara mana, ni zan riga ki ɗaura takalmi.

Za ki ji wani abu yana motsi a cikin ambulan ɗin nan. Kwalin ne, da sauran rabin gishirinsa. Ki tafi da shi wurin aiki ki juye a tukunyar ma'aikata, ki ce musu wanda ya sace musu ɗanɗano ne ya dawo da shi, kuma yana ba da haƙuri.

Naki, da zuciyar da kika kwantar wa hankali, har ranar da za ta daina bugawa,

Direbanki.